Renon wake a tire: kokofit, fitmos, buntun shinkafa, garin katako ko ƙasar gona?

Tiren reno, baƙar robar nan mai gurabe jere-jere, masu noman tumatur da tattasai da kabeji ne suka fara karɓarsa hannu bibbiyu a Jos, kuma suna da hujja. Irin tumatur na zamani tsada gare shi, ba wanda zai so ya watsa shi a fangali rabi ya tafi a banza. Da tiren ya yawaita a shagunan kayan gona, sai masu lambun bayan gida da masu rumfar leda suka fara tambaya ko wake ma ana iya renonsa haka, in kuwa ana iyawa, da me za a cika guraben. Mai shago zai ce maka kokofit, wato garin ɓawon kwakwa. Tsohon manomi zai ce ƙasar Allah ta isa. Wani kuma ya ce buntun shinkafa da ake zubarwa kyauta ya fi su duka. Kowannensu yana da gaskiya a wani wuri, sai dai wake ba tumatur ba ne, kuma daga nan zaɓin yake farawa.

Wake ba ya son dashe. Da ƙwayar ta fashe, abu na farko da take yi shi ne ta tura saiwa guda miƙe zuwa ƙasa, kuma wannan uwar saiwar ce ke sa wake ya jure fari inda masara ta riga ta lanƙwashe. A cikin gurbi mai zurfin santimita 5 ko 6, saiwar tana isa gindi cikin 'yan kwanaki, ta leƙo ta hudar ƙasa ko ta fara naɗewa. In ta tsinke wurin cirewa, shukar ba lalle ta mutu ba, amma za ta tsaya cak na kwanaki tana farfaɗowa. Ga irin da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 75, mako guda na tsayuwa ba ƙaramar asara ba ce. Tumatur kuwa ko an taɓa masa saiwa sai ya fitar da wasu, shi ya sa ake kwana 21 zuwa 28 ana renonsa ba damuwa. Wake kwana 10 zuwa 14 ne iyakarsa a tire, lokacin da ganyensa na farko mai kunne uku ya buɗe.

Sai lissafin yawa. A tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, hekta ɗaya na cin ramuka kusan 53,000. Da tire mai gurbi 50, kana bukatar tire sama da dubu ɗaya. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 zai ci kusan 50. Lambu mai mita 10 da 10 kuwa tire 11 sun ishe shi. Wannan kaɗai ya raba gardama ga mai babbar gona: Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma kusan dukkansa da sungumi ko fartanya ake shuka shi kai tsaye. Tire na masu ƙaramin wuri ne, ko masu wani dalili na musamman. Dalilan kuma akwai su. Akwai wanda ɓeraye da kurciyoyi da ƙadangaru suka hana shi ganin tsiro. Akwai wanda ya sami ɗan ingantaccen iri kaɗan daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, kamar SAMPEA 14 da 15 masu jure wuta-wuta (ciyawar nan da ke maƙale wa saiwa tana tsotse shuka), ko SAMPEA 20-T da aka saki a ƙarshen 2019 don maganin tsutsar da ke huda fure da kwanso, yana so kowace ƙwaya ta zama shuka. Akwai mai lambun da kabejinsa bai gama tashi ba, yana so wake ya shiga fangalin ranar da aka cire na ƙarshe. Ga waɗannan ne zancen abin cika gurbi yake da amfani.

Abin da za a auna

Na farko, kuma shi ne babba ga wake: ko dunƙulen zai fito gaba ɗaya. In ka tura yatsa ta ƙasan gurbi, abin da ke ciki ya fito a dunƙule tare da saiwa, ba tare da ya warwatse ko ya maƙale ba. Na biyu, riƙe ruwa da sakin ruwa. Ƙwayar wake babba ce, tana shan ruwa da sauri, kuma in ta kwana biyu cikin caɓi ruɓewa take yi. Na uku, tsabta daga cuta da irin ciyawa. Sai kuɗi da sauƙin samu, sannan wahalar shiri da tsawon ajiya.

Abinci ban sa shi a gaba ba, da gangan. Ƙwayar wake na ɗauke da guzurin da zai kai tsiron kusan kwana 10, kusan duk zamansa a tire kenan. Don haka rashin taki a cikin kokofit, wanda ke damun mai tumatur, ba ya damun mai wake sosai. Yawan takin ma illa ne, musamman yuriya ko ɗanyen kashin kaji, domin yana ƙona saiwa, yana kuma sa wake ya yi kasala wajen fitar da 'yan ƙurajen nan na jikin saiwa waɗanda ƙwayoyin halittar ƙasa ke zama a ciki suna samar masa da sinadarin naitirojin daga iska.

Yanayin gari ma yana sauya hukunci. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. A Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 10, a Yuli da Agusta kuma rana kan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Wake ɗan zafi ne, ya fi son digiri 25 zuwa 30 ko sama kaɗan wajen tsira. A sanyi yakan daɗe a ƙasa, in abin da ke kewaye da shi jiƙe yake sai ya ruɓe. Matsalar mai reno a Jos yawan laima ce. Ta mai reno a Gwagwalada ko Kuje a watan Maris akasin haka ce, tiren da aka shayar da safe kafin azahar ya bushe ƙamas.

Ƙasar gona da taki da yashi

Ita ce mafi araha, kuma ita ce kowa ke fara gwadawa. Kyawunta guda ne amma na gaske ne: ƙasar da aka taɓa noma wake a cikinta tana ɗauke da ƙwayoyin da ke haɗa ƙurajen saiwa, don haka tsiron na fara hulɗa da su tun yana tire. Bayan wannan sai matsaloli. Jar ƙasar Jos mai laka, in aka zuba ta a ƙaramin gurbi aka yi ta shayarwa, daddanƙarewa take yi, in ta bushe ta zama kamar bulo. Samanta yakan yi ɓawo, wake kuma da wuyansa yake ɗago manyan kunnuwansa biyu waje, sai ka tarar da wuyan ya karye a ƙasa. Ranar dashe in ƙasar a jiƙe take sai ta maƙale a jikin roba, in yashi ya yi yawa sai ta zube ta bar saiwa tsirara. Nauyinta ma kan fasa tire mai sirantar roba in aka ɗaga shi da hannu ɗaya.

Sannan duk abin da ke gonar yana biyo ta: cutar ruɓewar wuya da ke kwantar da tsiro dare ɗaya, ƙananan tsutsotsin da ke kumbura saiwa, irin ciyawa, har da irin wuta-wuta, wanda ƙanƙantarsa kamar ƙura take kuma yakan yi shekaru a ƙasa yana jira. Ana iya turara ta: a jiƙa, a zuba a rabin duro, a rufe da buhu, a hura wuta a ƙasa har tururi ya ratsa ta kamar rabin awa. Yana aiki, sai dai wutar ba ta tantancewa, masu amfanin ma tana kashe su. Ƙasar gefen kududdufan kuza, inda ake noman rani a Bukuru da kewaye, ba ta da abin kirki a cikinta in ba an gyara ta da taki ba, kada ma a ɗebo ta.

A ganina ƙasa zalla ita ce mafi rauni a cikin tire. A cikin ledar fiya wata da aka huda gindinta kuwa tana yin kyau, domin ledar ta fi zurfi, kuma yanka ta ake yi da reza a zare, ba tura dunƙule ake yi ba.

Kokofit

Garin ɓawon kwakwa ne da aka matse aka busar. Yawanci yana zuwa a dunƙule mai kilo 5, wanda in ya sha ruwa yakan kumbura ya ba da lita 60 zuwa 70, abin da zai cika tire mai gurbi 50 kamar 12 zuwa 15. Ba nauyi, ba irin ciyawa, iska na ratsa shi, saiwa kuma na shiga cikinsa ba gardama. Zarensa na taimaka wa dunƙule ya riƙe kansa, wanda shi ne abin da wake ya fi bukata tun da ba ya daɗewa har saiwarsa ta ɗaure gurbin da kanta. In bai jiƙe ba yana shekaru a ɗaki. Kuɗinsa yana bin canjin dala da kuɗin mota daga Legas, don haka tambayi farashi a shago biyu ko uku kafin ka biya.

Haɗarinsa gishiri ne, kuma wake ba ya jure gishiri sosai yana ƙarami. Ba kowane dunƙule ne aka wanke daga kamfani ba, ko da mai shago ya rantse. Alamar ita ce gefen ganye ya ƙone, tsiro ya tsaya ƙarami. Maganin ba wuya: jiƙa shi a baho ya kwana, juye a buhun da ke tsiyaye ruwa, ka yi ta kwarara masa ruwa mai kyau kana dannawa. Ruwan farko zai fito ja kamar an tafasa ganye a ciki, a ci gaba har ya yi haske, sau biyu ko uku. Daga nan ɗebi cikin tafin hannu ka matse. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, a baza shi ya sha iska. In ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, kuma da ka buɗe hannu ya tsaya a dunƙule amma ɗan taɓi ya wargaza shi, to ya yi daidai da shuka.

Abu na biyu, samansa yakan bushe ya yi fari alhali cikinsa jiƙe yake. Mai sabon hannu sai ya ƙara ruwa. A Abuja da zafi ba komai, a Jos da hunturu ko a tsakiyar Agusta nan ake rasa iri. Ɗaga tiren ka ji nauyinsa, shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya.

Fitmos

Ruɓaɓɓen gansakuka ne da ya daɗe yana taruwa a fadama, daga ƙasashen sanyi ake shigo da shi, na Turai ko Kanada. Wanda aka riga aka haɗa don reno, aka rage masa tsami aka sa ɗan taki, buɗe buhu kawai za ka yi ka cika. Tsiro na fitowa kai ɗaya, dunƙule na fita sumul. Shi ne mafi tsada, kuma abin da ake biya dominsa, wato ciyar da tsiro na makonni, wake ba zai zauna ya ci ba. Ɗanyensa da ba a gyara ba tsami gare shi ƙwarai, bai dace ba. In kuma ya bushe sarai ba ya karɓar ruwa da sauƙi, sai ruwan ya bi gefe ya zube, abin da ke faruwa da buhun da aka buɗe aka bari cikin iskar hunturu. Wanda ya saya don tattasai ya rage masa, ya yi amfani da shi. Amma a saya musamman don wake, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Buntun shinkafa da aka babbake

Wannan ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin kusan kyauta ne. Duk inda injin casar shinkafa yake, daga Shendam da Langtang zuwa Lafiya da Gwagwalada, tsibinsa ake yi a bayan gida, kuɗin buhu da na ɗauko kawai za ka biya. Ɗanyensa ba ya shan ruwa, yana kuma ɗauke da ragowar shinkafa da dusa masu jawo tururuwa da ɓeraye da fumfuna. Babbaka ce ke gyara shi. Ana samun tsohon gwangwani babba a huhhuda jikinsa, a sa masa bututu a sama, a hura wuta a ciki, sai a tara buntun ya kewaye shi. Wutar na cinsa a hankali daga ciki. Duk inda baƙi ya ɓullo sai a rufe da sabo, har tsibin duka ya koma baƙi, sannan a baje a kashe da ruwa nan take. Abin da ake so gawayi ne, kowane ƙwanso da siffarsa. In aka yi sakaci ya zama farar toka, an yi asara, domin tokar kanwa-kanwa ce, tana ƙona saiwa. Ko mai kyan ma a ɗauraye shi sau ɗaya kafin amfani.

Wuta ta riga ta kashe duk wata cuta da irin ciyawa. Ba nauyi, ba ya ruɓewa, yana shekaru a buhu, kuma ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, wanda shi ne maganin laimar Jos. Rauninsa biyu ne: ba ya riƙe ruwa, ba ya kuma dunƙulewa. Shi kaɗai a gurbi, ranar dashe zubewa zai yi. Don haka abokin haɗi ne, ba ya tsayawa da kansa.

Garin katako

Ana samunsa a banza a kasuwar Katako a Jos, ko Dei-Dei da Kugbo a Abuja. Ɗanye ba ya yi. Yana ruɓewa yana janye naitirojin daga wurin tsiro, ba ka san itacen da aka yanka ba, wani ma an shafa masa maganin gara. Sai an cakuɗa shi da kashin kaji, ana jiƙawa ana juyawa na watanni har ya yi baƙi ya daina zafi da wari. Shimfiɗar ɗakin kaji da ta tsufa ta ruɓe haka tana da amfani, amma a matsayin ɗan ƙari.

| Abin cika gurbi | Kuɗi | Fitar dunƙule | Ruwa | Aikin shiri | Ajiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ƙasa da taki da yashi | Kusan kyauta | Ba tabbas | Caɓi ko ƙamewa | Tankaɗe da turarawa | Ba matsala | Cuta, wuta-wuta, ɓawon sama |
| Kokofit | Matsakaici zuwa tsada | Da kyau | Yana riƙewa sosai | Jiƙawa da wanki | Shekaru in a bushe | Gishiri, yawan shayarwa |
| Fitmos haɗaɗɗe | Mafi tsada | Da kyau ƙwarai | Yana riƙewa sosai | Babu | Yana lalacewa in an buɗe | Bushewar da ba ta karɓar ruwa |
| Babbakakken buntu | Araha | Yana zubewa | Yana saki da wuri | Babbaka da ɗauraya | Shekaru | Toka, bushewa da rana |
| Ruɓaɓɓen garin katako | Araha | Matsakaici | Matsakaici | Watanni | Matsakaici | Amfani da shi bai gama ruɓewa ba |

Shi kansa tiren

Masu gurbi 128 da 200 na tumatur da latas ne, kada a sa musu wake. Mai 50 ya fi, mai 72 zai yi in za a dasa da kwana 10. In ka sami mai zurfi, ɗauke shi ko da ya fi tsada. Mai sirantar roba yakan tsattsage bayan reno ɗaya ko biyu in rana na dukansa, mai kauri yana kai shekaru in ana wanke shi da ruwan bilic ana ajiyewa a inuwa. Kada a ɗora tire a kan ƙasa, saiwa za ta bi huda ta kama ƙasa, ranar ɗagawa ta tsinke. A ɗora kan raga ko sanduna biyu yadda iska za ta bi ta ƙasa. Ƙwaya ɗaya a gurbi, zurfin gaɓar yatsa, a shafa mata maganin iri kamar Apron Star bisa ƙa'idar da ke jikin ledar. Da tsiro ya leƙo a fito da shi rana, in ba haka ba zai yi tsawo ya sirance. A riƙa duba ƙarƙashin ganye saboda darɓa. Dashe kuma da yamma, bayan an shayar da tiren awa ɗaya ko biyu kafin nan, da ɗan takin sufa, mai sinadarin fosfaras, a gefen ramin, domin shi ne takin da wake ya fi bukata.

Wa zai ɗauki wanne

Mai gonar damina daga fuloti ɗaya zuwa sama, ya shuka kai tsaye. In yana so, ya ajiye tire biyu ko uku da ya shuka rana ɗaya da gonar, don cike guraben da tsuntsaye suka tone. Hakan ya fi sake shuka bayan mako biyu, wanda ba ya taɓa kamo na farko.

Mai ɗan iri mai daraja da yake so ya yawaita shi, ya sayi kokofit ya wanke da kyau, ya haɗa kashi biyu da kashi ɗaya na babbakakken buntu. Nan tsabta ta fi araha muhimmanci. Ƙurajen saiwa za su samu bayan dashe, ƙasarmu ba ta rasa ƙwayoyin da ke haɗa su.

Mai lambu a Jos da ke reno cikin sanyi ko tsakiyar damina, ya ƙara buntu ya kai rabi da rabi, ya shayar da hantsi kawai, ya shigar da tiren cikin rumfar leda ko ɗaki da dare har tsiro ya fito. A Disamba da Janairu ma in babu rumfa, gara a jira zafi ya fara shigowa a ƙarshen Fabrairu.

Mai reno a Abuja da bazara, kokofit kashi uku, buntu kashi ɗaya, da inuwar raga daga azahar zuwa la'asar, kuma ya shirya shayarwa sau biyu a rana.

Wanda ba ya son kashe kuɗi ko kaɗan, ya haɗa buntu kashi biyu, tankaɗaɗɗen takin da ya ruɓe sarai kashi ɗaya, ƙasa mai laushi daga gonar da ba ta da wuta-wuta kashi ɗaya. Ya fara gwada tire guda: bayan kwana 10 ya tura gurbi biyar ya gani. In uku suka warwatse, ya bar tiren ya koma ledar fiya wata da wannan haɗin.

Mai son ganyen wake ko ɗanyen kwanso a buhu ko bokiti a bayan gida, a Rayfield yake ko a Kubwa, ba ya bukatar tire. Ya cika buhun da ƙasa da taki da buntu, ya shuka ƙwaya uku a ciki, in sun fito ya cire mafi rauni ya bar biyu.